Yadda Muka Sace Shanun Baba Sale Mutane Suna Tafi

Ba zan faɗi sunana ba, domin sunan ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai na mahaifina a jikinsa, kuma abin da na jawo masa ya isa haka. A ƙauyenmu, tsakanin Minjibir da Zakirai, ɗan Malam ake ce mini. Mahaifina shi ne limamin gari, shi ke ba da karatu a zaurenmu, ni ne kuma babban ɗansa. A hannunsa na sauke Alƙur'ani, na yi hadda mai yawa, na gama sakandare na dawo gida. Da damina ina noma, da rani ina cajin waya a wata rumfa a bakin titi. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani saurayi ya ce talauci ne ya kai ni inda na je. Son a san da ni ne ya kai ni.

A shekarun nan akwai wani fim mai dogon zango da ake nunawa a talabijin. Labarin wasu samari da 'yan mata ne na birni, 'yan gayu, masu shirya sata da dabara, ba bindiga ba wuƙa. Kowane mako sai a bar mu da tambaya: wa ke tona musu asiri, wa zai fara shiga hannu? Duk Asabar bayan La'asar mai gidan kallo zai tayar da inji ya saka mana sabon kashi, mu cika wurin maƙil. Sai dai ni kallona ya bambanta da na sauran. Su suna jira a kama ɓarayin, ni kuwa in ɗan sanda ya matso kusa da su haushi nake ji.

Wata shekara da rani sai ga masu yin fim ɗin a garinmu, suna neman gona da rijiya da rumbuna don wani kashi. Mai unguwa ya haɗa su da ni, tunda ina ɗan jin Turanci kuma babu gidan da ban sani ba. Kwana huɗu suka yi. A kwana huɗun nan na gano wani abu: duk abin da na nuna na ce 'yan fim suna so, ba musu ake ba ni. Jaki, turmi, amalanke, har tabarmar da mutum yake zaune a kai. Su kuwa mutanen kirki ne, komai suka ara sun mayar da godiya. Ranar da aka nuna kashin, har tsofaffin da ke zagin gidan kallo sai da suka zo, aka ga jakin Iliya mai rake ya ratsa ta bayan jaruma, wurin ya kaure da ihu.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗi sosai ba, Baba Sale. Maƙwabcin gonarmu ne, ciyawar gamba kawai ta raba mu. Dattijo ne, 'ya'yansa duk mata ne sun yi aure, daga shi sai matarsa Inna Kande sai shanun huɗarsa guda biyu, Ɗanfari da Gajere. Magana yake yi musu kamar mutane. Da su yake huɗe gonarsa, da su yake yi wa wasu aiki ya sami na cefane, kuma kowace damina shi ke huɗe gonar mahaifina kyauta, ya ce sadakar karatu ce. Bayan fim ɗin nan samari suka sa shi a gaba da tsokana, wai jaki ya riga shanunsa shiga talabijin. Yana dariya, amma ni na lura abin yana cin sa.

Satata ta farko ƙarama ce. Abin cajin waya na ɗauke a motar 'yan fim ranar da za su tafi. Kwana biyu gabana yana faɗuwa, ba wanda ya tambaya, tsoron ya wuce. Daga nan na fara ce wa samarin ƙauyukan kusa zan sa sunansu in 'yan fim sun dawo, wannan ya kawo mini kaza, wancan ya kawo hula. Na saba da cin abin da ban yi wa wahala ba.

Cikin ma'aikatan fim ɗin akwai wani Sagir, mai ɗaukar fitilu da wayoyi. Daga baya suka kore shi, ban kuwa tambayi dalili ba. Shi ya kira ni, muka haɗu a tashar Minjibir, ya saya mini lemo.

Ya ce, "Ɗan Malam, kai ba ka san abin da ke hannunka ba. Gari guda ya yarda da kai. Mu dawo a matsayin zango na biyu, mu ari abin da ya fi jaki."

Na sha yi wa kaina ƙarya cewa Sagir ne ya shirya komai. Ba haka ba ne. Ni na ambaci shanun Baba Sale da bakina, ni kuma na faɗa masa dalilin da tsohon ba zai ƙi ba.

Wata Talata da hantsi suka zo, ana sa ran ruwan fari a cikin makon. Sagir ya sa hular hana-sallah da baƙin tabarau ya zama darakta, tare da shi akwai mutum biyu, da motar a-kori-kura, da kyamara. Mutane sun san fuskarsa tun zuwan farko, ba wanda ya yi shakka. Ya bayyana wasan: ɓarayi za su gudu da shanu a mota, mai shanun ya bi su yana ihu, mai kyamara yana bayan motar yana ɗauka. In sun kai kwanar da ke gindin bishiyar kuka sai su juyo. Ni na tsaya a gaban jama'a na yi bayani. Na ce kada kowa ya motsa, kada kowa ya fito da waya don darakta ya hana, kuma duk ihun da suka ji wasa ne.

Baba Sale ya wanke shanun tun asuba, ya shafa musu mai a ƙaho, shi kuma ya sa rigarsa ta Juma'a. Da aka kafa katako a bayan motar, shanun suka ƙi hawa. Mutanen Sagir suka ja, suka tura, a banza. Sai tsohon ya ce a matsa masa. Ya dafa wuyan Ɗanfari ya ce, "Haba Ɗanfari, hau mana, yau duniya za ta gan ka." Sa ya hau. Gajere ya bi ɗan'uwansa. Da hannunsa ya ɗaure su, har yana gargaɗin direba ya bi rami a hankali.

Mota ta tashi. Baba Sale ya bi ta da gudu, riga tana kaɗawa, yana kururuwa, "Ɓarayi! Jama'a ɓarayi! Shanuna!" Mutane suka fashe da dariya, suka ɗauki tafi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ya dawo yana haki yana tambaya ko ya iya, aka ce ai ya fi 'yan fim ɗin ma. Muka tsaya muna kallon kwanar kuka. Ƙura ta lafa. Rana ta take. Aka kira Azahar muna tsaye.

A nan tsoro ya shige ni, kuma bai sake fita ba. A fim in an gama sata sai a nuno ɓarayin a wani ɗaki suna dariya. Ni ba ni da wani ɗaki. A ƙasarmu babu daji, ko'ina gonar wani ce, ko'ina ka bi akwai mai yi maka sannu da sunan ubanka. Na yi ta kiran lambar da na san a kashe take, ina nuna wa mutane wayar, hannuna yana rawa. Rawar hannun ce ta cece ni ranar, aka ɗauka baƙin ciki ne. Da aka je gaban dagaci, daga nan wurin 'yan sanda, wasu samari suka fara zargina. Baba Sale ne ya tare su. Ya ce, "Ku bar yaron nan. Shi ma cutarsa aka yi. A gabana aka haife shi."

Bayan kwana biyar Sagir ya aiko mini da kasona ta hannun wani ɗan acaɓa, babbar waya sabuwa a kwali. Ina zan kunna ta? Na naɗe ta a leda na cusa ƙarƙashin dammunan dawa a rumbunmu, tunda ni ke shiga ɗebo hatsi kowace safiya. Kullum na zura ƙafa cikin rumbun sai in ji kamar maciji na ajiye.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, lokacin huɗa ya zo. Ina aiki a gonarmu ina hango Baba Sale ta saman gamba, ya sunkuya da garmar hannu, ya yi kunya uku ya dafe ƙugu ya tsaya. Rabin gonar ciyawa ta ci. Duk da haka shi zai fara ɗago hannu ya ce, "Sannu da aiki, ɗan Malam." In amsa da murya kamar ba tawa ba.

Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali Asabar ce. Tsohon nan bai daina zuwa gidan kallo ba. Zai zo da wuri ya zauna a bencin gaba, ya kira ni in zauna kusa da shi don in fassara masa inda aka yi Turanci. Wata rana ya raɗa mini, "Ka san ƙila da gaske 'yan fim ne, aiki ne ya sha kansu. In shanun suka fito, ai mun san inda za mu nema." Ya kafa wa allon talabijin ido har aka gama. Ni kuwa ina zaune zufa tana bin bayana, ina kallon samarin fim ɗin da a da nake sha'awa. Asabar shida muka yi haka.

Bayan ta shidan ya zo zaurenmu ya durƙusa gaban mahaifina ya ce ya haƙura da jira, a ja Yasin. Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. In an yi sata aka rasa ɓarawo, sai a yi shela a ba da kwana bakwai, wanda ya san wani abu ya fito ya faɗa. In wa'adi ya cika shiru, malamai su taru a inda aka yi satar su karanta surar, a bar ɓarawo da Allah. Tun muna yara muke jin labarin waɗanda aka ja wa: wani ya haukace, wani ciki ya kumbura, wani tsawa ta faɗa masa a gona. Ban san gaskiyar kowanne ba, amma na yarda da su har cikin ƙashina.

Aka yi shela ranar Juma'a. A kwana bakwai ɗin nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Mahaifiyata ta ɗauka shawara ce ta kama ni, ta yi ta dafa mini saiwa. Ranar Litinin ina tsakiyar gona hadari ya haɗo, aka yi wata tsawa, sai ganin kaina na yi kwance tsakanin kunyoyin gonar na rufe kai da hannu ina salati. Da na ɗago, Baba Sale yana leƙo ni ta kan gamba, yana tambaya ko lafiya. Na ce santsi ne ya kwashe ni.

Na je bayan makarantar firamare na kira ainihin lambar Sagir. Na ce a dawo da shanun, na roƙe shi don Allah. Dariya ya yi. Ya ce shanun da aka cinye namansu tuni? Sannan muryarsa ta canza. Ya ce, "Ka buɗe baki ka gani. Na san zaurenku, na san hanyar da ubanka yake bi zuwa masallaci." Na koma gida da tsoro biyu, ban san wanda ya fi wani ba.

Ranar Alhamis mahaifina ya kira ni. Na shiga na durƙusa. Ya ce, "Gobe da kai za a zauna. Da sunanka suka ci amanar garin nan, kai ma an zalunce ka, addu'ar wanda aka zalunta kuwa ba ta faɗuwa ƙasa. Kai za ka ja, mu bi ka." Na ce maƙogwarona yana ciwo. Ya ce in sha zuma.

Bayan La'asar ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a bakin gonar Baba Sale, daidai inda motar ta tsaya. Malamai bakwai, ni na takwas, gari kuma ya kewaye mu. Gabas ta yi baƙi da hadari. Baba Sale yana zaune gefe da igiyar shanun a cinyarsa. Na yi bisimilla na fara. Surar nan tun ina shekara tara na haddace ta, ko a barci aka tashe ni zan kawo ta. Na yi ta ja har na iso ayar da ke maganar ranar da za a rufe bakunan mutane, hannuwansu su yi magana. A nan harshena ya ƙi.

Mahaifina ya buɗe mini farkon ayar, kamar yadda yake yi mini ina yaro. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake. Shiru. A na uku bai kalli fuskata ba, hannuwana ya kalla, suna rawa a kan gwiwata kamar na mai zazzaɓi. Sannan ya ɗago muka haɗa ido. Wallahi na ga lokacin da ya gane. Na ga fuskarsa ta tsufa a gabana.

Na zaci zai tsayar da karatun. Na zaci zai ce hadari ya taso a bari sai wani mako, ya kai ni gida ya rufe ƙofa. Bai yi haka ba. Ya gyara zama, ya ɗauki ayar daga inda na tsaya, ya ɗaga murya, hawaye yana bin gemunsa, sauran malamai suka bi shi. Ubana yana karanta Yasin a kaina, kuma ya sani.

Ban san lokacin da na yi tsalle na riƙe ƙafarsa ba. Na ce, "Baba tsaya! Don girman Allah tsaya! Ni ne. Da ni aka yi."

Wurin ya yamutse. Samarin da na ci wa kaji da huluna suka yo kaina, wani ya riga ya ɗaga fartanya. Na sadaƙar na mutu. Sai na ji an lulluɓe ni da riga. Baba Sale ne ya kwanta a kaina yana cewa duk wanda zai dake ni sai dai ya fara da shi, ba za a zubar da jini a gonarsa ba. Mahaifina ya kama hannuna, a cikin ruwan sama muka taka har wurin 'yan sanda. A ƙofa ya ce musu, "Ga ɓarawon." Ya juya.

Na faɗi komai, na nuna wayar da ke rumbu. An kama Sagir bayan wata biyu, shanu kuwa sun tafi har abada. Alƙali ya ɗaure ni shekara uku. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba, sai dai ku sani babu kiɗa a can, babu gayu, akwai kwarkwata da wari da mutanen da kallonsu kaɗai abin tsoro ne. A can na sami labarin mahaifina ya ajiye limanci. Ya ce wanda bai ga ɓarawo a cikin gidansa ba bai cancanci tsayawa gaban sahu ba.

Da aka sake ni, ban fara shiga gidanmu ba, gidan Baba Sale na nufa. Na same shi a gindin turken da ba kowa, bayansa ya ranƙwafa, ya sayar da rabin gonar. Na durƙusa na nemi gafara, ina kuka kamar yaro. Ya ce ya yafe tun ranar da aka ja Yasin, don albarkacin Malam. Na yi masa alkawarin noma abin da ya rage na gonarsa da hannuna muddin yana raye, kuma har yau ina yi. Mahaifina ya ɗauki shekara kafin ya amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Har na miƙe zan tafi ranar, sai Baba Sale ya riƙo gefen rigata. Ya yi ƙasa da murya kamar mai jin kunya. Ya ce, "Ɗan Malam, tambaya ɗaya. Fim ɗin nan da suka ɗauka ranar, yana nan? Ba don komai ba, so nake in ƙara ganin su Ɗanfari ko sau ɗaya. Ranar sun yi kyau."

Na so in yi masa ƙarya, amma na riga na tuba. Na ce, "Baba, kyamarar ko batir babu a cikinta."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya saki rigata, ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Alƙali shekara uku ya ba ni. Wannan maganar ita ce ba ta da ranar fita.

Ƙannena, ban ce kada ku kalli fim ba, masu yinsa sana'arsu suke, kuma abin da suka ara a garinmu sun mayar. Amma in ka ji zuciyarka ta fara goyon bayan ɓarawo, ka tashi daga bencin. In ka ɗauki ƙaramin abu ba a gan ka ba, ka mayar tun kana jin tsoro, domin ranar da tsoron ya wuce ka shiga uku. In mutane suka yarda da kai saboda sunan ubanka, ka sani amana ce aka ba ka riƙo. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa satar dabara ba ta cutar da kowa. Wanda za ka cuta ba baƙo ba ne, wanda ya yarda da kai ne, shi zai ɗaure maka kayan da hannunsa. Ni nawa yana nan, gamba kawai ta raba gonarmu, kuma kowace safiya shi yake fara yi mini sannu.